Mujiyar Gawon Lambun Makaranta

Litinin, 21 ga Oktoba, da hantsi

Zafi. Ƙasa ta tsage kamar diddigen tsohuwa. Tun asuba nake safarar ruwa daga famfon tuƙa-tuƙa zuwa lambu, kafin in kai fangalin ƙarshe na farkon ya bushe. Malama Nyasulu, shugabar makaranta, ta leƙo ta saman shinge ta ce, "Ganizani, ina labarin kabejinmu?" Na ce kabeji na nan, ruwa ne ya yi tafiya. Ta yi dariya ta wuce. Dariya ba ta ban ruwa.

Abin da ke da rai a lambun nan shi ne abin da ke ƙarƙashin gawo. Can na yi renon tumatir da kabeji, don a irin wannan lokaci shi kaɗai ke da ganye a duk filin makaranta. In ruwa ya sauka zai kaɗe ganyensa ya ba shuka rana, ya kuma bar mata taki. Bishiya ta fi wasu mutane sanin lokacin da ya kamata ta matsa gefe.

A gindinsa na sake tsintar dunƙulen da mujiyar da ke kogon gawon ke amayarwa. Na fasa da tsinke: gashi, ƙasusuwa, kan ɓera da haƙoransa. Kaka Nambewe mai dama wa yara kunu ta same ni a tsugune.

"Kai mijin banza, me kake tono? Kashin tsuntsu ka koma ci?"

"Ma'aikaciyata nake duba wa aiki, Kaka. Ta fi ki ƙoƙari, kuma ba ta lasar ludayi."

Ta tofar da yawu gefe ta ce in daina ambaton abin nan da rana tsaka.

'Yata Zione ba ta ci komai ba jiya.

Laraba, 23 ga Oktoba, da yamma

Mutum ya haifi 'ya, amma sai ya nemi izini kafin ya ce jikinta da zafi.

Garin matata nake zaune, kamar kowane mai aure a nan. Ɗakin da na gina a ƙasarsu yake. Gonar da nake huɗa tasu ce. Zione kuwa, da na raɗa mata suna da bakina, ta kawunta ce, Kamwendo, wan matata Tiyamike. Ni bunsurun aro ne. Na yi aikin da aka aro ni dominsa, saura in tsaya inda aka ɗaure ni.

Ya zo ɗazu ya taɓa goshinta da bayan hannu kamar mai gwada dutsen guga. Ya ce haƙori ne. Yarinyar da ta kusa shekara uku! Na ce, "Yaya, haƙoran nata sun gama fitowa, sai dai in naka ne za ta fitar maka." Tiyamike ta taka mini ƙafa.

Alhamis, 24 ga Oktoba, tsakar rana

Gara ta cinye ciyawar da na shimfiɗa wa tumatir. To, ta ci. Kowa ya ci.

Asabar, 26 ga Oktoba, da almuru

Tiyamike ta goya Zione zuwa ɗakin shan magani na kasuwa. Mai duba marasa lafiya ya ba da ƙwayoyi, ya ce in abin nan da ke sanƙarar da ita ya sake zuwa mata kada a tsaya, a wuce babban asibitin mishan.

Ya sake zuwa da la'asar. Ina riƙe da ita.

Ba zan rubuta wannan ba.

Kamwendo ya ce babu inda za a kai ta. Wai irin wannan ba na allura ba ne, yaron da aka yi wa aiken sihiri in ƙarfe ya shiga jikinsa shi ke nan. Na ce wa ya yi aiken, da wace mota ya zo? Ya ce, "Suruki, ka iya bakinka. A gidan nan ba a yanke magana da baƙo." Surukata tana zaune can bayan rumbu, ta juya mini baya kamar yadda ya kamata, amma na ji ta ce ƙwarai.

Na dubi Tiyamike. Ƙasa take kallo.

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan an tashi daga coci

Ban je ba. Na zo lambu.

Ƙananan ƙwarin nan masu manne wa bayan ganye sun cika kabeji, ganyen duk ya nannaɗe. Na kwanta rub da ciki ina kallonsu. Tururuwa ke kiwonsu. Na taɓa karantawa a wani yagaggen littafin noma da na tsinta a ɗakin ajiyar makaranta, ban yarda ba sai yau da na gani: tana shafa su, suna fitar mata da ruwa mai zaƙi, tana sha. Jan ƙwaron nan mai ɗigo-ɗigo ya zo zai cinye su ya ceci kabejin, tururuwa suka taru suka cije shi har ya faɗo ƙasa. Ka ji fa. Mai gadi yana gadin cuta, yana korar magani.

Na zuba musu toka. Na zuba fiye da kima, har na ƙona ganye biyu-uku.

A aji biyar na bar makaranta, babu wanda ya zaunar da ni ya koya mini sauran. Takardar da aka ƙunso mini kifi da ita ma sai na karance ta kafin in jefar. To me ya tsinana mini? Na san abin da ke damun kabeji.

Talata, 29 ga Oktoba, da asuba

Ba ta ci ba. Ruwa kaɗan a cokali.

Talata, da yamma

Sun kawo mai magani daga hayin rafi. Ya shafa mata wani baƙin abu a maɗiga, ya tambaya ko akwai tsuntsun da ke kuka kusa. Sai kowa ya tuna. Wannan ta ji shi ranar Juma'a, wancan ya ga ya gilma ta kan rufin ɗakinmu, fari fat. Daga gawon makaranta zuwa gidanmu ai jifa biyu ne, ta ina ake so mujiyar ta bi in za ta farauta, ta ƙarƙashin ƙasa?

Sai Kamwendo ya juyo kaina a gaban mutane.

"Wa ya kori yara da bulala bara, ranar da suka zo jifanta?"

"Ni ne."

"Wa ya ce mana jahilai, ranar da muka ce a toshe kogon?"

"Ni ne. Kuma ban canza ba."

"To ka gani. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Sai dai kai ka ja, 'yar ƙanwata yake duka."

Na ce masa ɓera take ci, ɓera, ba yara ba! Na ce ya zo in fasa masa abin da take amayarwa ya nuna mini ƙashin yaro ɗaya a ciki. Na ce wasu abubuwan kuma a kan kansa da abin da ke cikinsa. Tiyamike ta ɗauki yarinyar ta shige ɗakin uwarta. Can suka kwana.

Ya ce a sare bishiyar. Toshe kogo ya wuce lokaci, wai ta riga ta san hanya. Kuma mai maganin ya ce hannun da ya kare ta shi zai sare, in ba haka ba aikin banza ne.

Laraba, 30 ga Oktoba, da hantsi

Na je ofishin Malama Nyasulu ko sallama ban yi ba. Na ce ta hana. Bishiyar makaranta ce.

Ta ce in zauna, na ƙi. Ta ce, "Kamwendo ne shugaban kwamitin iyaye, filin nan kuma kakanninsa suka bayar. Ni daga arewa aka turo ni, baƙuwa ce kamarka. In na ce a'a, gobe rabin aji ba zai zo ba."

"To ke ma kin yarda mujiya na cin yara?"

"Ni nake koyar da darasin a aji bakwai, Ganizani, ba sai ka karanta mini ba. Na san abin da za mu rasa, har ma na fi ka jin ciwonsa, don ni zan dubi yaran nan in kunu ya tsinke. Amma ba bishiya ce ta kawo ka nan ba. Yaya jikin yarinyar?"

Na ce mata ganyen kabewa ya fara yin fari-fari, yana son a rage masa ruwa ta sama. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce ba za ta sa hannu ba, ba kuma za ta leƙa ta taga ba.

Laraba, da almuru

Mujiyar ta fito daga kogon ina nan zaune. Ko motsin fiffike ba a ji. Ta zagaya kan fangalin wake, ta faɗa, ta tashi da abu a ƙafa, ta koma kogon da shi. Ba ta ci a waje ba. Ta koma da shi ciki.

Alhamis, 31 ga Oktoba, tsakar rana

Tiyamike ta zo lambu. Ba ta taɓa zuwa ba tunda na fara aikin nan. Ta tsaya a bakin shinge, bayanta babu goyo.

"Baban Zione."

Na ci gaba da ban ruwa.

"Sau biyu yau. Na biyun ta daɗe ba ta dawo ba."

Na ce mu ɗauke ta yanzu-yanzu, ni da ita, mu bi ta bayan gari, in ya so duk abin da zai faru ya faru.

"In muka tafi ba da yawunsa ba, wani abu ya same ta a can, ina zan koma? Kai kana da garinku. Ni uwata ce, wana ne, nan za a binne ni." Sai ta ɗaga kai ta dubi gawon tun daga gindi har sama. "Wannan ce ka haifa, ko waccan?"



Alhamis, da yamma

Na sami Kamwendo yana gyaran sarƙar kekensa. Na durƙusa. Ni. Na ce, "Yaya, zan sare. Amma tana faɗuwa za ka ɗauki ƙanwarka da yarinyar a keken nan, da kanka, zuwa mishan."

Ya ce in an sare ai babu sauran buƙata.

Na ce in an sare ai aiken ya karye, allura ba za ta yi mata komai ba, ko ba haka mai maganin ya ce ba? Ya tsaya yana juya feda da hannu. Ban taɓa lura ba sai yau, idanunsa sun faɗa. Shi ma ba ya barci. Ya ce, "Ɗan yayarmu a can ya mutu, kana sane?" Na ce ina sane. Ya ce to.

Ya ba ni aron gatarinsa. Ya fi nawa kaifi.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, da la'asar

An yi.

Hannuna ya fashe. Gawo yana da taurin rai.

Kamwendo ya cika alkawari, ban ce bai cika ba. Ina jin ƙarar faɗuwar, na juya na hango ƙurar kekensa a hanya. Na bi su a ƙafa.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da safe, a barandar asibiti

Sun sa mata ruwa a hannu. Hannun bai kai kaurin ƙotar fartanya ba. Ma'aikaciyar jinya ta tambaye mu tun yaushe, Tiyamike ta faɗa mata, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Gara a ce ta zage mu.

Litinin, 4 ga Nuwamba, tsakar rana

Uwa kaɗai ake bari ta kwana, na dawo aiki.

Renon ya ƙone. Kwana uku babu inuwa, babu mai ban ruwa da rana. Tumatir ya kwanta kamar zaren da aka jiƙa. Na kafa masa rumfar ciyawa, aikin gawa ne kawai.

Mutanen gari sun riga sun kwashe rassan, kowa ya yi itace. Ba sa tsoron wutarsa, ashe. Kututturen ne ya rage, da fili, da rana har cikin ido. Awakin da ke zuwa cin 'ya'yan gawo suna zuba mini taki a bakin shinge sun zo, sun zagaya, ba su sami komai ba, sai suka fasa shingen suka shiga wake.

Kaka Nambewe ta kawo mini kunu a kofi. Ba ta ce mijin banza ba. Na ce lafiya, Kaka, ko kin sake ni ne? Ta ce in sha kawai.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, da yamma

Abin bai zo wa Zione ba tun shekaranjiya. Ta buɗe ido, ta gane uwarta. Ni ta kalle ni kamar mai tuna inda ta san ni.

Ba ta ci.

Asabar, 9 ga Nuwamba, da almuru

Mujiyar tana kan rufin aji uku. Ta sauko kan kututturen, ta tashi, ta sake saukowa.

Litinin, 11 ga Nuwamba, da asuba

Ban san 'ya'yanta suna cikin kogon ba ranar da na sare. Na ga tana komawa da abinci, amma ban sani ba. To, na sani. Farare ne, kamar an dunƙule auduga an sa mata baki. Na tona musu rami a gefen kabewa kafin in bi keken, shi ya sa na makara a hanya.

Ban sake ganinta ba tun Asabar.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, da hantsi

Ruwa ya sauka jiya, mai yawa. Duk gari ƙamshin ƙasa, kowa da fartanya a kafaɗa. Yaran aji shida da bakwai sun taya ni, mun shuka gyaɗar makaranta duka, da masara layi-layi. Irin da muka adana ke nan tun girbin bara, babu wani. Da garin gyaɗar nan ake kaurara musu kunu. In babu ita, ruwan masara ne da gishiri.

Asabar, 16 ga Nuwamba, da safe

Ramuka. Ƙanana, a jere, daidai inda aka sa kowace ƙwaya, kamar wani ya bi bayanmu da awo. Ɓawon gyaɗa a gefe.

Da ma duk shekara ɓeraye suna tonowa, ba zan yi ƙarya ba. Amma a bakin shinge suke tsayawa, inda za su ruga cikin ciyawa in inuwar mujiya ta gilma. Bana har tsakiyar fili. Na ga ɗaya da hantsi, zaune a kan kunya, yana riƙe da gyaɗa da hannu biyu kamar mai unguwa a wurin biki. Na jefe shi da hoge, sai da ya gama tauna sannan ya tafi.

Malama Nyasulu ta zo ta tsaya, ta duba layi ɗaya har ƙarshe. Ta ce, "Za mu nemi wani irin." Na ce a ina? Ta ce, "Ban sani ba tukuna." Na so ta ce ai ga shi nan. Na so wani ya ce, in sami wanda zan zaga.

Talata, 19 ga Nuwamba, da yamma

Sun dawo gida.

Gidan ya cika. Mata na guɗa, surukata na rawa a bayan rumbu. Kowa na faɗin abu ɗaya: ranar da bishiya ta faɗi, ranar yarinya ta juyo. Babu mai ambaton ruwan da aka ɗura mata kwana da kwanaki. Kamwendo ya sa aka kawo mini kujera, ni da kullum a kan dutse nake zama a gidan nan. Ya dafa kafaɗata ya ce wa dattawa, "Surukin nan namu bakinsa ne kawai, amma da aka zo wurin, ya nuna ɗa ne."

Magana ta taso mini har maƙogwaro. Na dubi Tiyamike, ta girgiza kai kaɗan. Na zauna a kujerar.

Abin da ya fi ci mini rai, rana ɗaya aka yi duka biyun. Ni na san wanne ne. Na sani. Amma da za a ce a mai da bishiyar tsaye, da mujiyar a ciki, yau da yarinyar ke kwance jifa biyu daga nan, ban san me bakina zai ce ba.

Juma'a, 22 ga Nuwamba, tsakar rana

Ma'aikaciyar jinya ta ce wa Tiyamike ciwon ya tafi amma aiki bai ƙare ba. In ba ta ci ba za a dawo da ita, kuma dawowa ta biyu ba ta cika kyau ba.

Kunu, ta kau da kai. Tuwo da ganyen kabewa, ta tofar. Ƙwai, ta yi kuka. Wuyanta kamar na ɗan tsako. Na yi mata kukan akuya, na yi na jaki, na sa cokali a kaina, ta kalle ni kawai.

Masarar ma ɓeraye sun fara bi.

Asabar, 23 ga Nuwamba, da asuba

Ba ta ci ba.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, da yamma

Ina zaune a ƙofar ɗaki, tana kan cinyata, sai ga Kamwendo, laka har gwiwa, fartanya a kafaɗa, ɗaya hannun riƙe da tsagaggen kara. Ɓerayen daji ne jere a ciki, an dafa su da gishiri an gasa, sun yi ja suna naso.

"Suruki, bana lambunku ya yi albarka! Bayan coci na leƙa, rami biyu kawai na tona. Ka ga ƙibarsu? Gyaɗa zalla suka ci."

Na ce, "Na sani, Yaya. Ni na shuka musu."

Ya yi dariya har da buga cinya, ya ɗauka wasa nake. Ya tsuguna a gabanmu yana cewa ina uwata, ina uwar kawu, zo ki ga abin da na kawo. Ƙamshin ya bugi hancinta. Na ji ta motsa a jikina. Ya yago 'yar tsoka daga cinya, ya murje ta da yatsa, ya hura, ya kai mata baki.

Ta karɓa.

Tiyamike ta tsaya da muciya a hannu. Zione ta tauna, ta tauna, ta haɗiye. Ya ba ta na biyu da ɗan tuwo, ta ci. Da ya tsaya yana kallonta baki buɗe, sai ta miƙa hannu ta kama karan da kanta tana ja, mai yana bin yatsunta. Kamwendo ya juya fuska wai hayaƙi ne ya shiga idonsa. Babu wuta kusa.

Ta ci ɗaya da rabi, ta yi barci da ƙashi a hannu.

Da zai tafi na ce ya bar mini fartanyar tonon, tawa ta yi faɗi. Gobe kafin a buga ƙararrawa zan fara daga layin tsakiya. Babu wanda ya kai ni sanin inda ramukan suke.